Ciwon Ba a Gwiwa Yake Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Likita,

Shekara uku ke nan da 'yan watanni rabona da garinmu Tamawa. Na san ba ka manta ba, domin kai ka kai ni tasha a Dutsin-Ma, ka riƙe mani jaka har mota ta cika. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka. Allah Ya tsare ku safe da yamma, Ya kiyaye maku hanya, Ya raba ku da mugun ji da mugun gani.

Ranar Juma'a mahaifiyarka ta bugo mani waya, ta ce ka samu gurbin ƙaro karatu. Wai ƙarshen watan nan za ka bar asibitin da kake aiki a Dutsin-Ma, ka tafi babban asibiti ka koyi aikin likitan mafitsara. Tana faɗi tana dariya. Ta ce, "Malam, ka ji yaron nan naka. Duk faɗin jikin ɗan Adam, ga ido, ga zuciya, ya rasa inda zai zaɓa sai wurin fitsarin tsofaffi. In mata suka tambaye ni a gidan suna, mi zan ce masu?" Na taya ta dariyar don kada ta gane wani abu. Da ta kashe wayar sai na nemi buhun albasa na zauna a kai, na daɗe ban tashi ba.

Kai ne ɗan farina. Ban taɓa kiran sunanka ba tun ranar da aka raɗa maka shi. Da kana ƙarami "kai yaro" nake ce maka, da ka gama karatu na samu sauƙi na koma "Likita". Ba mu taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba mu taɓa doguwar hira ba. Haka na tarar ana yi, haka mahaifina ya yi da yayana Haruna, kuma ba zan ce al'adar banza ba ce. Sai dai akwai maganar da ba zan iya kallon idonka in faɗa ba. Na gwada a waya, bakina ya ƙi. Shi ya sa na sayi takarda da biro.

Kowa a gida ya san abin da ya fito da ni: kuɗin sallamar da aka hana ni bayan shekarun da na yi ina riƙe da alli a firamaren Rawayau, da gonar da ta daina ciyar da mu. Wannan gaskiya ne. Har gobe in na tuna yawon da na sha a sakatariya da fayil a hammata, yaran da na koya wa karatu suna ce mani "a dawo wani satin, Malam", raina yakan ɓaci. Amma rabin gaskiyar ke nan. Ɗaya rabin, fitsari ne.

Da jinkiri ya fara. In tsuguna in daɗe kafin ya zo, in ya zo ba ƙarfi, in na yi tsarki na ɗaura wando sai in ji saura ya biyo baya. Ka san ni ne na'ibin Liman a masallacin unguwarmu. Wata La'asar Liman ya tafi ta'aziyya, na shiga gaba, ina cikin ruku'u na ji ɗumi a cinyata. Ga mutane cike a bayana, har da surukina. Na san hukuncin mai irin wannan lalura, na karanta shi a gaban mahaifina tun ban yi gemu ba, na san addini bai ƙuntata mashi ba. Sanin bai hana ni jin kamar ƙasa ta tsage in shige ba. Daga ranar na ce gwiwa ta hana ni limanci, na koma sahun baya kusa da ƙofa.

Kai kuma da labari ya iske ka, ka hawo babur ka zo. Ka durƙusa ka gaishe ni, kanka a ƙasa, ka ce, "Baba, an ce gwiwa." Na ce, "Gwiwa ce." Ka latsa ta, ka lanƙwasa, ka ce ba ka ga kumburi ba. Na ce maka daga ciki take ci. Ka kawo mani ƙwayoyi da man shafawa. Likita, na shanye su tas. Na yi watanni ina shafa mai a gwiwar da lafiyarta lau, mahaifiyarka tana tambaya ko da sauƙi, ina cewa alhamdu lillahi. Na ga lokacin da ka ɗago kai kamar za ka ƙara tambaya, na haɗe fuska, ka mayar da kanka ƙasa. Laifin nawa ne, ba naka ba. Da na ga ƙaryar ta fara yi mani nauyi a cikin gida, ga wanki ina yi a ɓoye kamar gwauro, sai na ce zan taho Fatakwal neman kuɗi.

To ga abin da nake so ka tafi da shi. Duk tsohon ƙasarmu da ya shigo ofishinka ya ce gwiwa, ko baya, ko sanyi ke damunsa, ka fara duban wanda ya rako shi. In ɗansa ne, ka aike shi sayen kati ko ruwa, ko ma mene ne, ya dai fita. Sannan kada ka tambayi tsohon fitsari kai tsaye, zai ce maka lafiya lau. Ka ce mashi, "Baba, alwala tana zama kuwa?" Wannan tambaya ce ta addini, ba ya jin kunyarta. Daga nan za ka ji komai.

Akwai abin da ya fi wannan muni, kuma shi ne ya fi hana ni sukuni.

Ka tuna rasuwar Yaya Haruna, kana makaranta a lokacin. A gida an ce ciwon baya ne. Ni na kai shi asibiti a Katsina, ni na kwana da shi, ni nake zubar da jakar robar fitsarin da aka sa mashi. Wani likita ya ja ni gefe a baranda ya ce mani ciwon daji ne, ya fara daga ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, wanda kuke kira furostet, ya bi ya shiga ƙashin baya. Ya ce an zo a makare. Sannan ya ce, "Ku nawa ne maza a ɗakinku?" Na ce mu uku ne, da ni da ƙanenmu Sale. Ya ce, "Irin wannan yana bin jini. Kai da shi ku nemi likita, ko da ba ku jin komai." Na yi mashi godiya. Na dawo gida na ce ciwon baya ne, ajali ya zo. Ban gaya wa Sale ba, ban gaya wa matan Yaya ba, ban gaya wa kowa ba. A ganina na rufa wa mamaci asiri. Ta yaya zan tsaya a zauren ta'aziyya in ce ciwon ya fito daga wurin da ba a ambata? Ga sunan daji, wanda in aka faɗe shi a gida sai mutane su riƙa kallon 'ya'yan gidan kamar an yi masu tambari.

Saboda haka in kana tambayar mutanenmu tarihin danginsu, kada ka ce, "Akwai mai ciwon daji a gidanku?" Babu, za su ce. Wani ya ɓoye kamar ni, wani kuma da gaskiyarsa, don an ɓoye mashi. Ka ce, "Mahaifinka ko wanka, akwai wanda aka sa wa roba kafin ya rasu? Akwai wanda baya ya kwantar?" Za ka ji mutum ya ce, "Af, an yi haka."

Yanzu bari in gaya maka yadda na yi da abokan sana'arka a nan, domin su ne dalilin da ya sa hankalina ya tashi da na ji fannin da ka zaɓa.

A shekarata ta farko wasu masu aikin lafiya suka zo kasuwar da nake tsaron rumbun albasa, suka kafa rumfa, aka yi shela za a yi gwaji kyauta. Mun ɗauka hawan jini ne da siga. Aka ɗebi jinin duk wani mai furfura, ba wanda ya ce mana ga abin da ake nema. Bayan kwanaki aka raba mana takardu. Tawa an zagaye wata lamba da jan biro, kusa da haruffa uku, PSA. Yarinyar da ta miƙo mani ta ce, "Naka ya hau, Baba. Ka je ka ga likitan mafitsara, yana iya zama kansa, ciwon daji." Ta juya ga na bayana. A tsaye, a tsakiyar kasuwa, ina riƙe da sikeli.

Har Baba Ɗanjuma mai goro, maƙwabcin rumfata, wanda ya haura tamanin kuma ciwon zuciya ya riga ya gama da shi, an zagaye mashi tasa. Ya juya takardar sama da ƙasa ya ce, "Malam, karanta mani, mi ta ce?" Na gaya mashi. Ya ce, "Ikon Allah. Ni da nake zaune ina jiran Mala'ika, sai ga takarda ta riga shi isowa." Muka yi dariya. Amma daga ranar tsohon nan bai ƙara cin tuwo da daɗi ba. 'Ya'yansa suka yi ta yawo da shi ɗakunan gwaji, har zuciyar ta ɗauke shi bara. Ciwon da aka tsorata shi da shi bai taɓa ko yatsansa ba.

Ni kuma na tafi wani asibitin kuɗi. Likitan mafitsara ne sosai, ga takardun shaidarsa jere a bango. Ya dubi lambar, bai dube ni ba. Bai tambaye ni ko ina da zazzaɓi ba, alhali a satin da aka ɗebi jinin fitsarina kamar barkono yake. Bai tambayi dangina ba. Ya ce za a shiga da allura a ɗebo ɗan nama a duba, cikin satin nan, in ya tabbata a yi aiki. Ya rubuta kuɗi a 'yar takarda ya turo mani. Duk zaman bai kai a sha shayi ba. Na ce zan je in yi shawara. Ban koma ba.

Ina na tafi? Wurin masu mota da lasifika, waɗanda ke kiran sunan cutar maza da ƙarfi a bakin tasha. Ni da na koyar da kimiyya a aji shida. Na sha jarka bayan jarka, wani mai ɗaci, wani mai sa gudawa, kusan shekara guda. Ka san abin da ya kai ni? Mai maganin ya ba ni kujera, ya kira ni Malam, ya saurare ni har na gama. Ƙarya ya sayar mani, amma ya saurare ni. Ba na ɗora wa likitan can laifin wautata. Wataƙila ma damuwarsa daidai ce. Amma ka sani, in ka jefa wa mutum tsoro ba ka ba shi bayani ba, ba gida zai kai tsoron ba, wurin mai lasifika zai kai shi.

Da abin ya ƙi, na bi layi a asibitin gwamnati. Wanda na samu ranar yaro ne kamar kai, idonsa ja wur don gajiya, mutane kuma har bakin ƙofa. Na fara bayani ya katse ni, ya ce tsufa ne, kowane namiji yana haka, ya rubuta ƙwaya. Na ciro tsohuwar takardar mai jan biro, ya ce, "Wannan gwajin yana yawan tayar da hankali a banza, Baba, ka manta da shi." Na fito ina jin daɗi, domin abin da nake son ji ke nan. Ƙwayar ma ta yi aiki, fitsari ya saki. Na ƙara wata shekarar ina cewa na warke.

Ka gani? Lamba ɗaya, jiki ɗaya. Wannan ya ce allura cikin satin nan, wancan ya ce in manta. Ni mai tsaron albasa wa zan bi?

Watannin baya fitsarin ya sake ɗaurewa, aka tura ni wurin wata babbar likita a asibitin gwamnatin nan, 'yar ƙasar nan ce, ta kusa sa'ar mahaifiyarka. Da na ga mace sai da na juya zan fita. Ta ce da Turanci, "Malam, ka bi layi tun safe, ka zauna ko don ƙafarka." Na zauna. Ta ce kafin ta taɓa ni ko ta ɗebi jinina, za ta gaya mani abin da gwajin yake iya nunawa da abin da ba ya iyawa. Ta ce lambar tana hawa saboda daji, tana kuma hawa saboda kumburin tsufa wanda ba daji ba, ko ƙwayar cuta a mafitsara, ko robar da aka sa. Don haka in ta hau sau ɗaya ba a rugawa ga allura, sai a yi maganin abin da ake gani, a jira, a sake gwadawa. Ta ce akwai dajin furostet mai tafiyar hawainiya, wanda sa ido kawai ake yi a kansa, akwai kuma mai gudu. Ta ce aikin da ake yi yana iya barin mutum da yoyon fitsari ko raunin iyali, shi ya sa ba a yanke wa mutum hukunci, da shi ake yankewa. Na ba ta labarin Baba Ɗanjuma. Ta girgiza kai ta ce wanda shekaru da wata cutar suka riga suka cim masa, kuma ba ya kukan komai a wurin, ba a neman wannan ciwon a jikinsa, domin wahalar neman ta fi amfaninsa.

Na ce, "Likita, wannan duk ra'ayinki ne?" Ta ce a'a, a rubuce yake. Ƙa'idoji ne da manyan masana fannin suka zauna suka tsara, ana sabunta su, kowane likitan mafitsara ya karanta su kafin ya ci jarrabawa.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "To in a rubuce yake, mi ya hana waɗancan biyun bi?"

Ba ta kare su ba, ba ta kuma zage su ba. Ta ce wani ya karanta tun da daɗewa bai sake buɗewa ba. Wani ya ga mutane da yawa sun zo a makare sun mutu a hannunsa, tsoro ya sa yana gaggawa da kowa. Wani layi ne ya fi ƙarfinsa. Wani kuma, ta ce, ba za ta ɓoye mani ba, kuɗi ne. Ta ƙara da cewa su kansu masanan ba a kan komai bakinsu ya zo ɗaya ba, kuma yawancin ƙa'idojin an rubuta su ne a ƙasashen da kayan aiki suke. Ta ce, "Ni ma ranar da mutane suka yi yawa ina tsallake wani abin, Allah Ya yafe mani. Ko yanzu, ƙa'ida ta fi son a yi maka hoto da babbar na'ura kafin allura. Tamu ta lalace, ta waje kuma tsada. Ina gaya maka ne don ka san abin da muka tsallake da dalilinsa."

Wannan maganar ta ƙarshe ita nake so ka riƙe, Likita. Na yi aikin gwamnati, na san yadda ake rubuta manhaja a birni a aiko wa malamin da ba shi da ko allo. Ba zan ce maka kullum za ka iya bin ƙa'ida daga farko har ƙarshe ba. Amma ka san ta, ka riƙa komawa kana dubawa, kada ka dogara da abin da ka haddace shekarun baya. In dole ta sa ka kauce, ka gaya wa mai jikin cewa ka kauce. Kuma ina roƙonka don Allah, ranar da za ka buɗe naka wurin, kada kuɗin hayar gini ya riƙa zaɓa maka wanda za a soka wa allura.

Sai likitar ta tambaye ni dangi. Ka san mi na ce? Na ce babu. Bakina ne ya faɗa kafin in yi tunani, don ya saba. Ta rubuta. Ta ce saura dubawa da yatsa ta baya. Na miƙe tsaye na ce wannan kam a'a, ni malami ne, na yi limanci. Ta ce jikina ne, ba za ta tilasta ni ba, in na shirya akwai abokin aikinta namiji. Na fita ina huci kamar an zage ni. Na yi sati biyu ina jin haushin matar da ba ta yi mani komai ba sai alheri. Da na koma, kafin in zauna na ce mata, "Na yi maki ƙarya. Yayana da wannan ciwon ya rasu." Ta ajiye biro ta ce, "Na gode da ka dawo. Wannan ya canza lissafi." Dubawar da na yi ta gudu kuwa, kafin in gama salati an gama. Kada ka yi fushi da dattijon da ya ƙi a karon farko. Ka bar mashi ƙofar da zai dawo ba tare da ya ji ya faɗi ba.

Ga inda ake yanzu. An samu ƙwayar cuta a mafitsarata, an yi maganinta, an jira, an sake gwajin. Lambar ba ta sauka ba, ta ma ƙara hawa. Yatsa ya ji wani wuri mai tauri. Ranar Talatar da ta wuce aka ɗebi naman, sun ce sakamako sai nan da sati biyu ko uku. Ina zuwa kasuwa, ina auna albasa, ina ba da canji daidai, amma rabin hankalina yana wani ɗaki da ban taɓa gani ba, inda wani yake duban namana a gilashi. In bayana ya ɗan riƙe don ɗaukar buhu, sai in tuna Yaya. Ban sani ba ko shekaru biyun da na zubar su ne za su ci ni.

Ranar da aka ɗebi naman likitar ta tambaye ni wa zai zo tare da ni jin sakamako. Na ce ba ni da kowa a nan, amma ɗana likita ne. Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Ya sani?" Na ce a'a. Ta ce, "Malam, in da ni ce 'yarka, da na ji ciwon wannan fiye da ciwon da ke jikinka." Kwana uku bayan haka mahaifiyarka ta bugo da labarinka.

Abin da nake nema a wurinka ba yawa.

Kafin ka tafi, ka je Birchi wurin Baffanka Sale. Ka tafi da hantsi ka dawo da rana tsaka, ban yarda ka bi hanyar nan da yamma ba. Ya kai hamsin yanzu, yana ganin kansa ƙarfe ne, kuma bai san abin da ya kashe wansa ba saboda ni. Ka gaya mashi gaskiyar Yaya Haruna, ka gaya mashi tawa, ka ce ni na aiko ka. Zai yi faɗa, zai ce na mayar da shi yaro, kuma yana da gaskiya. Ka bar shi ya gama. Kada ka je da sirinji a aljihu ka ɗebi jininsa da sunan gwajin siga, ko da ka ga haka ya fi sauƙi. Ka zaunar da shi ka yi mashi bayani yadda matar nan ta yi mani, amfanin da wahalar duka, sannan ya zaɓa. In ya ƙi, ka koma wani zuwan. 'Ya'yan Yaya maza ma haƙƙinsu ne su sani. Kai kanka, likitar ta ce mai irin tarihin gidanmu ba ya jiran ya tsufa, tun daga wajen shekara arba'in ake fara maganar. Kada ka zama likitan da ke duba kowa ya manta da kansa.

Mahaifiyarka kuma ka bar mani ita. Ni na yi mata ƙaryar gwiwa, ni zan warware, da zarar na san abin da zan ce mata.

Kada ka fasa tafiyarka saboda ni. Na rantse maka in ka ajiye gurbin nan ka taho Fatakwal, ba zan yafe wa kaina ba, kai ma sai ka ji daga gare ni. Abin da nake so shi ne ranar da sakamako ya fito, in shiga ofishin likitar in buga maka waya in ajiye a kan tebur, ka ji abin da za ta ce, ka yi mata tambayoyin da ni ban san a yi ba. Bayan nan ka tambaye ni duk abin da likita yake tambayar mara lafiya: fitsari, jini, baya, har abin da ya shafi iyali in aikin ya buƙata. Zan ji nauyi, wataƙila in yi shiru ka ɗauka layi ya yanke. Ka jira ni. Zan amsa.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya haɗa ka da malamai masu tsoronSa, Ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga bayinSa. Allah Ya tsare ka daga gaggawa da kwaɗayi da girman kai, Ya tsare iyalinka a bayanka. Ya jiƙan Yaya Haruna da Baba Ɗanjuma. Ni kuma ka sa ni a addu'a, Allah Ya sa mai tafiyar hawainiyar ne. Ka gaida maiɗakinka da yara, ka gaida Liman in ka shiga Tamawa.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka.

Don ka san da abin da za mu tunkari maganar: bayan kuɗin allura da na gwaje-gwaje, abin da ya rage mani naira dubu ɗari huɗu da goma ne a banki, dubu talatin da biyar a hannu, da buhun albasa shida da ban sayar ba. Iyakar abin da shekara uku ta tara ke nan.